Kurakuran da ake tafkawa kan ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyi, daga takardar jarrabawa har cikin gida

Duk shekara in na zauna makin takardun 'yan ajin ƙarshe, kurakurai iri ɗaya nake gani a babin nan na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kamar an haɗa baki. Yaro ya haddace sunaye tsaf, amma ka ce masa nuna min inda abin yake a jikinka sai ya tsaya yana kallonka. Da a takarda abin ya tsaya ai da sauƙi, maki biyu ne ko uku, to damuwata ita ce da irin waɗannan kurakuran muke komawa gida, ranar da wani ya yanke jiki ya faɗi ko aka yi hatsari a titi sai mu aikata abin da zai ƙara masa ciwo alhali mu a ganinmu taimako muke. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta su saboda ƙannena 'yan WAEC da NECO da JAMB, da masu shirin shiga makarantar koyon aikin jinya, da iyayensu ma in sun samu lokaci.

Uwar matsalar daga bakinmu ta faro, kalmar jijiya. Abu uku muke kira da sunan nan. Wadda nas take lalube a bayan hannunka ta soka allura, jijiya. Farar abar nan mai tauri da take ƙin taunuwa a nama, irin agarar da ke bayan dunduniya, ita ma jijiya. Sannan wadda take kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, ita ma dai jijiya. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya rubuta wai jijiyar saƙo tana ɗauke da jini zuwa kai, kuma ba laifinsa ba ne kacokan, harshen ne ya haɗa masa su a kwano ɗaya. Ba mu kaɗai ba ne, mutanen Girka na da ma kalmar da aka samo niyuron, wato ƙwayar jijiyar saƙo, daga cikinta asalinta agara take nufi, sai da wani likita Herofilus a birnin Iskandariyya ta Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya feɗe gawa ya rarrabe su. Gyaran shi ne kada ka ƙara cewa jijiya kawai ka yi shiru, ka ce jijiyar jini, ko agara, ko jijiyar saƙo. Ta jini bututu ce mai rami, in ta fashe jini ne zai zuba. Agara igiya ce da ta ɗaure tsoka a jikin ƙashi, ba ta kai saƙon komai. Ta saƙo kuwa damin zaruruwa ne ƙanana ƙanana, fara ce mai taushi, kuma ka taɓa jin ta, ranar da ka buga gwiwar hannunka a gefen benci ka ji wani abu kamar shokin ya tafi zirr har ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. To ba ƙashi ka buga ba, wata jijiyar saƙo ce da ta bi ta wurin babu naman da ya rufe ta.

Na biyu, laka da ƙashin baya da ɓargo, ana cakuɗa su sosai. Ni wannan ba na ma wahalar da kaina da zane a allo, cewa nake ku je wajen mahauci, ko ku jira babbar sallah lokacin da ake raba gadon bayan rago. Ku duba tsakiyar ƙashin, akwai rami da ya tafi tun daga wuya har ƙugu, a ciki za ku ga wata farar aba doguwa mai santsi kamar igiya, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, ana iya zaro ta. Ita ce laka. Ƙashin baya gidanta ne kawai, shi ke kare ta. Ɓargo kuma wanda muke tsotsa a ƙashin ƙafa wani abu ne daban, aikin jan ɓargo yin jini ne, babu ruwansa da kai saƙo. Laka ci gaban ƙwaƙwalwa ce, su biyun su ne cibiya, duk sauran jijiyoyin da suka fita daga jikinsu rassa ne. Kuma wannan tsarin duk mai ƙashin baya haka yake, kifi da kwaɗo da ƙadangare da kaza da raƙumi da mu, lakar a baya take kuma tana da ɗan siririn rami a tsakiyarta. Fara da kyankyaso tasu igiyar ta ƙasan ciki ta bi kuma ba ta da rami, ana yawan tambayar wannan bambancin.

Lissafin da ake rikitawa: ƙasusuwan baya 33 ne, amma jijiyoyin da suka fito daga laka tagwaye 31 ne, 8 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a ƙasan ƙugu, 1 a ƙarshe. Ku lura ƙashin wuya 7 ne amma jijiyoyinsa 8, nan ake yawan zamewa. Waɗanda suka fito kai tsaye daga ƙwaƙwalwa tagwaye 12 ne a mutum, kifi da kwaɗo 10 littafinku yake lissafa musu. Kuma a rubuta tagwaye, ɗaya hagu ɗaya dama, in ka rubuta 12 kawai ka zubar da rabin amsar.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba kuma rashin saninsa yana cin rai. Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. A babban mutum tsawonta wajen santimita 45 ne, tana ƙarewa a daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, daga nan zuwa ƙasa sai zaruruwa da suke lilo a cikin ruwa kamar jelar doki. To in yaro ya zo da zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, sai ka ga dangi sun tashi tsaye wai za a soki lakarsa ya nakasa, wasu ma su ɗauke shi su tafi gida. Alhali likitan ƙasa da inda lakar ta ƙare yake sa allurar, tsakanin ƙashin ƙugu na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar, wurin da ake yi wa mata allurar kashe rabin jiki in za a yi musu tiyatar haihuwa. Ruwan ma jiki yana yin wajen rabin lita kullum, ɗan abin da aka ɗiba nan da nan yake dawowa, abin da aka fi gani bayansa ciwon kai ne na 'yan kwanaki. Da ruwan nan ake gane sanƙarau ne ko ba shi ba, da irin ƙwayar cutar. Sanƙarau kumburin fatu uku ne da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, shi ya sa wuya yake ƙin lanƙwasuwa, kuma mu da muke zaune a yankin da yake kewayowa duk lokacin zafi ba mu da uzurin jahiltarsa, a 1996 kaɗai ya kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya ya kashe sama da dubu 11, mafi yawa a Arewa. Manyanmu ba su manta shekarar ba.

Wajen zane kuma, toka-toka da fari ake juyawa. A babbar ƙwaƙwalwa toka-tokan ne a waje farin a ciki, a laka farin ne a waje toka-tokan a tsakiya da siffar malam-buɗe-littafi. Toka-toka taron jikin ƙwayoyin jijiyar saƙo ne, fari kuma wayoyinsu ne da kitse ya naɗe. Shi ke nan.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a natsu, motsin da jiki yake yi ba da shawararka ba, wanda littafi yake kira rifiles. Tambaya ce da kusan ba ta fashi, kuma amsar da nake samu ita ce saƙo ya je ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta yi tunani, ta ce a janye hannu. Ba haka ba ne. Ka tsaya teburin mai shayi da safe ka gani, hannunsa ya goga jikin butar da ke kan wuta, kafin ya ce wash hannun ya riga ya bar wurin, sai bayan nan ya yarfe shi ya kai baki yana hurawa. Janyewar farko laka ce ta yanke hukunci. Fata ta ji zafi, jijiyar ji ta kawo saƙon ta shiga laka ta ƙofar baya, wata 'yar gajeriyar ƙwaya a cikin toka-tokan ta karɓa ta miƙa wa jijiyar motsi, ita kuma ta fita ta ƙofar gaba ta je ta ja tsoka. Zango biyar ke nan, mai ji, mai kawowa, mai miƙawa, mai kaiwa, mai aikatawa. A daidai lokacin an tura kwafin saƙon sama, da ya isa ƙwaƙwalwa ne mutum ya san ya ƙone, ita ce ta sa shi yarfe hannu da hurawa. In kana shakkar laka tana iya aiki ita kaɗai ka dubi wutsiyar tsaka da ta gutsure, tana ta tsalle a ƙasa babu kai babu komai, ɗan guntun lakar da ke cikinta ne yake wannan aikin. Haka kan maciji da aka sare yana iya sara, kada yaro ya ɗauka da hannu. Banda ɗaya da za ku riƙe, in likita ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafa ta harba, wannan babu mai miƙawa a tsakiya, jijiyar ji kai tsaye take haɗuwa da ta motsi.

Ji ta baya yake shiga, motsi ta gaba yake fita, in ka riƙe wannan ka fahimci shan inna. Ƙwayar cutar ƙwayoyin motsi da ke gaban laka take ci, shi ya sa ƙafar take shanyewa ta sirance amma in ka mintsine ta mai ita zai ji. Alhamdu lillahi rabon da a ga asalin ƙwayar a Najeriya tun 2016 a Borno, a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita, amma rigakafin bai ƙare ba. Akwai kuma wata shanyewar ƙafar da hannun mutum ne yake jawo ta, allurar ɗuwawu a wurin da bai dace ba. Jijiyar saƙo mafi kauri a jiki ta nan ta bi ta gangara har tafin ƙafa, shi ya sa ake koya wa ma'aikata su raba ɗuwawun gida huɗu su soka a na sama ta waje, ƙananan yara kuma a cinya. Na ga yarinya da take jan ƙafa tun tana shekara uku saboda allurar zazzaɓi da wani ya yi mata a gida, har yau abin yana taɓa ni. Don Allah kada a bar wanda bai koya ba ya yi wa yaro allura.

Sai ita ƙwayar kanta, niyuron. Niyuron ƙwaya ɗaya ce, jijiya kuma dami ce ta dubban wayoyinsu, kamar zare ɗaya da igiyar guga, kada a musanya. Saƙo ta gajerun rassa yake shiga, su dendirait, ya ratsa jikin ƙwayar, ya fita ta doguwar waya, akson, in ka juya kibiyar a zanenka makin ya tafi. Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa wuta ce take gudu a ciki kamar wayar NEPA. Lantarkin waya dubban kilomitoci yake ci a daƙiƙa ɗaya, jijiya mafi sauri kuwa mita 120 take yi, masu jinkirin ma mita 1. Abin da ke faruwa shi ne cajin lantarkin da ke cikin ƙwayar yana zaune a kan milibolt 70 ƙasa da sifili, in an taɓa ta ƙofofi su buɗe sodiyam ya ruɗa ciki, cajin ya juye, sai fotasiyam ya fita ya mayar da shi yadda yake, wannan juyin ya tayar da na gaba, na gaba ya tayar da na gabansa, kamar wutar daji tana bin busasshiyar ciyawa. Wayoyin da kitsen mayalin ya naɗe su suke sauri don saƙon tsallake yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa. Ka tuna ranar da ka yi tuntuɓe da dutse, ka fara jin wani tsini kamar allura, sai bayan daƙiƙa guda raɗaɗin ya iso mai nauyi. Hanya biyu ce, mai mayalin ta riga marar mayalin zuwa. Kuma kada ka rubuta cewa ciwo mai tsanani babban saƙo yake aikawa, girman saƙon ɗaya ne kullum, ko ya tashi gaba ɗaya ko bai tashi ba sam, abin da ke ƙaruwa yawan bugawa ne da yawan wayoyin da suka tashi.

Ƙwayoyin kuma ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan tsagi tsakaninsu, sinaps, a nan sinadari ne yake tsallakar da saƙon. Masana biyu sun yi rigima a kan wannan, Golji na Italiya ya ce raga ɗaya ce a haɗe, Kahal na Sifen ya ce ƙwayoyi ne daban daban, a 1906 aka ba su kyautar Nobel tare suna kan saɓaninsu, daga baya ta tabbata Kahal ne da gaskiya. A 1921 Otto Lowi ya gwada da zuciyar kwaɗo biyu ya nuna sinadari ne, wanda yanzu muka sani da asetilkolin. Wannan ba labarin littafi ba ne kawai, fiya-fiya da irin magungunan feshin gona a nan suke ɓarna, suna kashe abin da ke share asetilkolin bayan ya gama aiki, sai saƙon ya ƙi tsayawa, yawu ya yi ta dalala, gumi, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka tana rawa, numfashi ya sarƙe. Kuskuren gida shi ne ɗura wa mutum manja ko madara a sa shi amai, sai ya shaƙe abin ya faɗa huhu. A cire masa kayan da maganin ya jiƙa, a wanke fatar da sabulu, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti da ita, akwai allurar da ke karya shi.

Sassan ƙwaƙwalwa, serebiram da serebelam sunan ne yake ruɗa yara. Serebiram ita ce babbar, tunani da magana da gani da motsin ganganci. Serebelam ƙarama ce a ƙeya, ita ke daidaita motsi, ita ta sa mai tallan nono take tafiya da ƙwarya a ka ba ta riƙe ba, in ta taɓu mutum ya riƙa tangaɗi ko da ƙarfinsa. Medula kuma a gindin ƙwaƙwalwa take inda ta haɗu da laka, numfashi da bugun zuciya da haɗiya a hannunta suke, shi ya sa dukan ƙeya ba abin wasa ba ne. Ƙishin da kake ji da la'asar a watan azumi aikin wani ƙaramin sashe ne mai suna haifotalamus, shi ne kuma mai kula da zafin jiki. Maganar nan da ake yaɗawa wai kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwarmu muke amfani da shi, ƙarya ce, ku daina turawa. Abar da nauyinta bai kai kilo 1 da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na jiki, amma tana cin kashi 20 na kuzarinsa, da ƙwayoyi wajen biliyan 86, babu wani lungu da yake zaman banza.

Wayoyin motsi a medula suke gicciye, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya daman jiki, na dama ya juya hagu. A yawancin mutane cibiyar magana a hagu take, wani likita Faul Boroka ya nuna wurin a Faransa a 1861, shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa maganarsa ma take tafiya. To kun ga ciwon a kai yake, ba a hannun ba. Amma me muke yi, Baba ya tashi bakinsa ya karkace hannu ya saki magana ta sarƙe, sai a zauna ana murza hannun da man zafi ana jiran a ga yadda zai kwana. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi hawan jini ne sila, kuma maganin narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi na farko yake aiki. Kada a ba shi ruwa ko koko don haɗiyarsa ta iya lalacewa, kada a ba shi asfirin kafin a yi hoton kai don in fashewa ce zai ƙara zubar jinin, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara a tafi.

Sashen da yake aiki ba da saninka ba kashi biyu ne, simfatetik na tashin hankali, farasimfatetik na kwanciyarsa. Kare ya biyo ka, zuciya ta buga, ido ya buɗe, baki ya bushe, hanji ya tsaya. Ka ci tuwo ka kishingiɗa, akasin haka. Inda ake faɗuwa shi ne a ɗauka na farkon komai yake hanzartawa, a'a, narkar da abinci rage shi yake.

Farfaɗiya kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke tashi gaba ɗaya a lokaci guda ba tsari. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, wallahi ba a ɗauka, guduwar da ake yi a bar mutum kusa da murhu ko bakin rijiya ita take kashe shi. Mutum wajen miliyan 50 ne suke da ita a duniya, kuma kusan 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. A yi addu'a, a kuma nemi maganin, ɗaya bai hana ɗaya ba. In ta tashi kada a cusa cokali a baki, haƙori ake karyawa, ba ya haɗiye harshensa. Kada a danne shi, kada a ɗura masa komai. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a juya shi ta gefe, in ta wuce minti 5 ko ta maimaita bai farfaɗo ba sai asibiti.

Abu na ƙarshe shi ne warkewa. Jijiyar hannu ko ƙafa in ta yanke aka ɗinke ta tana iya tsirowa, kimanin milimita 1 a rana, wata da watanni amma tana zuwa. Laka ba ta yin haka. Shi ya sa abin da muke yi a wurin hatsarin babur yake tayar min da hankali, mutum huɗu su taru wannan ya kama hannu wancan ƙafa, kai yana reto, a naɗe shi a cusa a a-daidaita-sahu. Wataƙila ƙashin wuya ne kawai ya tsage lakar lafiyarta ƙalau, ɗaukar ce za ta yanke ta, kuma jijiyar da ke motsa tantanin numfashi daga wuya ta fito, gaɓa ta uku zuwa ta biyar. In ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ƙafafunsa sun sage, ko ba ya cikin hayyacinsa, mutum ɗaya ya durƙusa ta kansa ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki kada ya motsa, a bar masa hular kwanonsa in yana numfashi, a samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, a nemi motar da zai kwanta a miƙe.